Hoton Mazan Jiya Ma Yana Bukatar Isnadi

Duk shekara idan ranar 15 ga Janairu ta kewayo, wato ranar da Nijeriya ta keɓe domin tunawa da 'yan mazan jiya, sai tsofaffin hotunan soja su cika wayoyin jama'a, tun daga manyan birane har zuwa ƙauyuka irin namu na Kwandiko da sauran garuruwan da ke tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, kowane hoto da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa mai cewa ga kakanninmu a Yaƙin Bama, ko kuwa ga dakarun Gowon suna dosar Inugu. Galibi kuma abin da ke fara ɗaukar ido a ciki shi ne wata ƙatuwar tankar yaƙi wadda sojoji suka jeru a gabanta ko suka ɗare bisanta. Ba na shakkar kyawun niyyar masu yaɗa waɗannan hotuna, domin girmama magabata hali ne na ɗan halas. Sai dai kyawun niyya ba ya gyara ruwayar da ta zo da illa, kuma ra'ayina a wannan maƙala shi ne cewa duk wanda zai jingina hoto ga wani yaƙi ko wani mutum, ya wajaba a kansa ya fara sanin wace irin tanka ce a ciki, domin ƙarfen nan yana da shekarar haihuwa da ƙasar asali, kuma sau da yawa shi ne ke tona asirin rubutun da aka liƙa masa.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma da wannan karin magana ne mutane ke kare kansu idan an tuhumi hoton da suka turo. Amma in an yi tsinkaye za a ga cewa abin da ido ya gani a hoto bai wuce ƙarfe da fuskoki da itatuwa ba. Shekara da wuri da sunan runduna kuwa duk ji ne, wani ne ya faɗa, shi ma daga wani ya karɓo. Ashe ke nan rubutun da ke ƙarƙashin hoto ruwaya ce kamar kowace ruwaya, tana da sanadi tana da matani, kuma malamanmu na hadisi sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar auna irinta. Littattafan tarihi sun kawo cewa a Bagadaza, a zamanin Halifa Alƙa'imu, an taɓa gabatar wa waziri wata takarda da aka ce tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka rubuta ta ga mutanen Khaibara, ɗauke da sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Da aka nuna wa Alkhaɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, sai ya hukunta cewa jabu ce, hujjarsa kuwa ita ce an sa sunan Mu'awiya alhali bai musulunta ba sai shekarar buɗe Makka, bayan Khaibara, an kuma sa sunan Sa'adu ɗan Mu'azu alhali ya rasu tun bayan yaƙin Khandaƙ, kafin Khaibara. Bai buƙaci sanin wanda ya ƙaga takardar ba. Abin da ke cikinta ne ya ƙaryata ta. Wannan ita ce hanyar da nake kira a bi da hotunan soja.

Hanyar kuma ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu. Zane-zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, babu wanda ya rubuta shekara a gefensu, amma da masana suka lura cewa shanun da aka zana ba su da tozo, sai suka fahimci cewa masu zanen sun rayu da wani irin shanu dabam da waɗanda Fulani ke kiwo a dazuzzukanmu yau. Abin da tozo ya yi wa mai nazarin dutse, shi ne adadin ƙafafu da zaman igwa ke yi wa mai nazarin hoton yaƙi.

Mas'ala ta farko ita ce ta asali. Tankar yaƙi ba ta taɓa shiga fagen fama ba sai ranar 15 ga Satumba 1916, lokacin da Ingila ta fito da ita a yaƙin Somme a ƙasar Faransa. Saboda haka duk hoton da aka ce na cin Kano ne a Fabrairun 1903, ko na Sakkwato a Maris na shekarar, ko na ranar da Haɗejawa suka tsaya da Sarkinsu Muhammadu a Afrilun 1906, matuƙar akwai tanka a ciki, to, ba ya buƙatar dogon bahasi. Nasara sun ci waɗannan garuruwa ne da igwa da bindiga mai ruwa irin ta Maxim, a bisa kafaɗun sojoji da kawunan 'yan alaro. Haka ma yaƙin Kamaru, wanda aka gama a farkon 1916, ya ƙare kafin tanka ta shiga fagen fama.

Mas'ala ta biyu, wadda ta fi yawan rikita mutane, ita ce rarrabe tanka da motar sulke. Abu na farko da za a duba shi ne ƙasa: shin a kan sarƙa take tafiya irin ta katafila, ko kuwa a kan taya? A yaƙin basasa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, abin da dakarun tarayya suka dogara da shi motocin sulke ne masu taya, kuma kowacce da siffarta. Ferret ƙarama ce mai taya huɗu da bindiga mai sarrafa kanta. Saladin tana da taya shida da gajeriyar igwa mai faɗin baki milimita 76 a kan wani kai mai juyawa. Saracen ita ma taya shida gare ta, amma doguwar akwati ce ta ɗaukar soja. Panhard kuwa, ƙirar Faransa, taya huɗu ce da ita. A ɓangaren Biyafara an yi dabara aka ɗauko tsofaffin motocin Bren masu sarƙa, saura daga zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi musu rufi da farantan ƙarfe, kuma har yau ana iya ganin irinsu a gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahiya, wanda aka kafa a 1985. Tankoki masu sarƙa sun shigo hannun sojan Nijeriya ne bayan an ajiye makamai. Scorpion, ƙaramar tanka mai jikin alminiyam, ko a rundunar Ingila ba ta fara aiki ba sai 1973. Vickers mai lamba uku ta zo a shekarun 1980, T-72 ta bayyana wajen 2014 da 2015 a yaƙin Arewa maso Gabas, VT-4 ta ƙasar Sin kuwa sai 2020. Wanda ya turo maka hoton ɗayan waɗannan ya ce a Onica aka ɗauka a 1968, ya sa Mu'awiya a takardar Khaibara.

Su ma manyan tankokin akwai alamomin da ke bambanta su, waɗanda ko yaron sakandare zai iya koya cikin ɗan lokaci. A ƙirga ƙafafun ƙarfen da ke gudu a cikin sarƙa ta gefe ɗaya. T-55 ta Tarayyar Sobiyet tana da biyar, da tazara bayyananniya tsakanin ta farko da ta biyu, kanta kuma zagayayye ne na zubi, sannan kumburin da ke zuƙe hayaƙi a jikin bututun igwarta yana can daf da baki. T-62 ita ma biyar gare ta, amma tazarar ta koma wajen na baya, kumburin kuma ya ja da baya daga baki. T-72 tana da shida, kuma gajeriya ce, ta kwanta ƙasa. Irin wannan ƙidaya ce ke raba hoton da aka ɗauka a Sambisa da wanda aka ɗauka a hamadar Chadi a 1987, inda sojojin Libiya suka bar tarin T-55 a Fada da Wadi Dum.

In muka koma ga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, nan ne bukatar taka-tsantsan ta fi tsanani, domin nan ne zuciya ta fi son a gaskata. Sojojin Nijeriya sun yi fama a fage biyu manya. Na farko shi ne Gabashin Afirka, inda birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, ta kuma kutsa cikin Habasha har Harar a watan Maris. Abokan gaba a can Italiyawa ne, tankokinsu kuwa ƙanana ne: akwai L3, wadda mutum biyu kawai ke shiga kuma ba ta da kai mai juyawa, akwai kuma 'yan kaɗan irin M11/39 mai igwa a cikin ƙirji. Sherman ta Amurka, wadda ita ce aka fi gani a hotuna saboda an ƙera kusan dubu 49, ba ta fara yaƙi ba sai Oktoban 1942 a El Alamein ta ƙasar Masar. Don haka Sherman da Habasha ta 1941 ba sa haɗuwa a hoto ɗaya na gaskiya.

Fage na biyu shi ne Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan, ta 81 a kwarin Kaladan tun daga farkon 1944, ta 82 kuma a Arakan, har suka haɗu wajen cin Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda aka haɗa da dakarun Chindit a 1944, sunan da barikin soja na Zariya ke ɗauke da shi har yau. Waɗannan rundunoni na sojan ƙasa ne. Tankokin da suka yi aiki a Arakan na rundunonin Ingila da Indiya ne, kuma mafi yawansu iri uku ne masu sauƙin ganewa. Lee da 'yar'uwarta Grant dogaye ne, jikinsu cike da kawunan ƙusoshi, da igwa biyu: babba mai milimita 75 a gefen dama na ƙirji, ƙarama mai milimita 37 a bisa kai. Sherman igwarta babba tana bisa kai mai juyawa, ƙafafunta shida a kowane gefe, an haɗa su bibbiyu. Stuart ƙarama ce mai siririyar igwa. Ta Japan da aka fi gamuwa da ita, wato Ha-Go, mutum uku ke shiga, kanta kuma ya karkata gefen hagu. Tiger da Panther na Jamus, masu ƙafafun da suka shiga cikin juna, ba su taɓa taka Bama ba, kamar yadda runduna ta 81 da ta 82 ba su taka Turai ba.

Bayan an gama da ƙarfe sai a dubi mutane, domin baƙar fata kaɗai ba hujja ba ce. Amurka tana da bataliyar tankoki ta 761, wadda sojojinta baƙaƙe ne, ta shiga yaƙi a Faransa a Nuwamban 1944 da tankokin Sherman; Faransa kuma tana da dakarunta daga Senegal da Mali da Nijar. Wanda ya ga baƙin soja cikin hular kwano da babbar rigar sanyi a bisa Sherman, ga dusar ƙanƙara a bayansa, bai kamata ya yi gaggawar cewa ɗan Kano ne ba. Sojanmu na Bama ana gane shi da hula mai faɗin baki da kuma alamar da ke kafaɗarsa: ta runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ta runduna ta 82 kuwa māsu biyu ne da aka gicciye a kan gammo. Lambar hular rundunar Afirka ta Yamma bishiyar kwakwa ce. Idan ɗaya daga waɗannan ta bayyana, ruwaya ta sami ƙarfi. Idan akasinsu ya bayyana, ta yi rauni.

Na san mai karatu zai iya cewa, Malam, ina ruwan manomin Kwandiko da ƙirga ƙafafun tanka, alhali ga tsadar taki ga matsalar tsaro, kuma mene ne laifi idan jika ya yi alfahari da hoton da ba na kakansa ba ne? Tambayar tana da nauyi, amsarta kuma ta kasu biyu. Ta farko ita ce hoton ƙarya yana ƙwace wa mazan jiya ainihin abin da ya kamata a yabe su da shi. An kai runduna ta 81 Kaladan ne daidai saboda ƙasar tsaunuka ce da kurmi inda mota ba ta shiga, balle tanka. Dubban mutanenta 'yan dako ne cikin kaki, masu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, jiragen sama na jefo musu guzuri, su kuma suka sare daji da hannu suka buɗe hanyar jif mai tsawon mil saba'in da wani abu. Gammon da ke kafaɗar runduna ta 82 shaida ce cewa hukumar soja da kanta ta san a kan wa nasarar ta hau. Duk wanda ya ɗauke kakansa daga wannan wahala ya ɗora shi a kan tankar Ba'amurke, ya rage masa daraja yana zaton ƙari ya yi.

Amsa ta biyu ta fi haɗari. Yaƙin basasa rauni ne da bai gama warkewa ba, kuma hoton tanka tana rusa gari, wanda aka ɗauko daga wata ƙasa aka ce a nan gida ne, yana iya hura wutar gaba tsakanin jikokin waɗanda suka yi yaƙin. Haka nan a kwanakin tashin hankali, tsohon hoton tanka da aka ce yanzu take shiga wani gari yana iya tada kasuwa ya raba mutane da gidajensu. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurati, ya yi umarni da neman tabbaci kafin a yi aiki da labari, ya kuma faɗi dalili, wato gudun cutar da mutane bisa jahilci sannan a dawo ana nadama. Yanzu da na'ura ke iya ƙaga hoton da bai taɓa faruwa ba, har da tabon tsufa a jikinsa, wannan umarni ya ƙara wajaba. Kuma abin lura shi ne irin waɗannan ƙagaggun hotuna sukan yi kuskure daidai a wuraren da muka ambata, a ga adadin ƙafafu ya saɓa, ko kan wata tanka a jikin wata.

Sai dai adalci ya sa in faɗi iyakar wannan ilimi, don kada wanda ya koyi kaɗan ya zama alƙalin da ba ya sauraron ɗaukaka ƙara. Tanka tana gaya maka cewa hoto bai riga shekara kaza ba, amma ba ta gaya maka ƙarshen lokacinsa, domin ƙarfe yana daɗewa: T-55 da aka fara ƙerawa a ƙarshen shekarun 1950 har yau tana aiki a ƙasashe da yawa, motocin Bren na yaƙin Hitila kuma sun sake fitowa a Biyafara bayan shekara ashirin da wani abu. Makami kuma yana sauya hannu ta ganima ko ciniki. Sannan tsohon sojan da ya tsaya kusa da Grant a Arakan aka ɗauke shi hoto bai yi ƙarya ba don tankar ba ta rundunarsa ba ce. Jikokinsa ne, bayan ruwaya ta bi baki uku ko huɗu, suka mai da shi direbanta. Gyaran irin wannan yana son ladabi, musamman idan dattijo ko gyatuma ce ke riƙe da hoton, domin abin da ke hannunsu amana ce ta mamaci.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma mafi yawansa a cikin gida yake. Ƙasar Kano ta dā, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991, ta ba da 'ya'yanta ga aikin soja tun zamanin Turawa, kuma duk gidan da ke da hoton tsohon soja a adaka ko a bango, ya kamata tun masu sani suna raye a zauna da su a rubuta sunansa, da lambarsa ta soja, da bataliyarsa, da inda aka ce an ɗauki hoton, da sunan wanda ya ba da labarin da wanda shi ya ji daga gare shi. A haɗa da takardar sallama idan tana nan, da lambobin yabo, domin tauraron Bama da tauraron Afirka kowanne da launin ƙyallensa, kuma su kaɗai sun isa su nuna fagen da mutum ya je. A rubuta da fensir a bayan hoton ko a wata takarda dabam, kada a manne shi cikin leda da zafi, a kuma ɗauki kwafinsa da waya gaba da baya. Malaman tarihi a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da sauran makarantunmu za su iya mai da wannan aikin hutu ga ɗalibai, Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa kuma su tattara abin da aka samu, a gwama shi da abin da ke Gidan Arewa da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 ta kuma bi labarin yaƙin da Hausa, da dubban hotunan da gidan tarihin yaƙi na Landan ya adana tare da bayanin ranar ɗauka da wurinta.

Ga masu jaridu da masu yaɗa hotuna a Facebook da WhatsApp kuwa, shawarata ita ce su ɗauki ɗabi'ar Imamu Malik, wanda duk da matsayinsa a Madina ya shahara da cewa bai sani ba idan aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba, almajiransa kuma suka ƙirga wannan cikin falalarsa. Idan an gane tankar, a faɗi sunanta da shekarar da ba za a iya wucewa baya da ita ba. Idan an san wanda ya ba da hoton, a ambace shi. Idan wuri da rana ba su tabbata ba, a rubuta ƙarara cewa ba su tabbata ba, a bar ƙofa a buɗe ga wanda ya fi sani. Edita ko mai shafin da ya kasa cika ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa, abin da ya fi masa alheri shi ne ya riƙe hoton a wurinsa har ya bincika.